Yadda Ake Neman Tauraruwa Mai Wutsiya da Karanta Wutsiyarta

Duk wanda ya ga hoton tauraruwa mai wutsiya yakan ɗauka gudu ne ya sa take jan wutsiya a bayanta, wato inda kai ya fuskanta can ta dosa. Ba haka abin yake ba. A sararin da take tafiya babu iskar da za ta kwashe wani abu ta mayar da shi baya. Rana ce ke fitar da wutsiyar, rana ce kuma ke tura ta, shi ya sa wutsiyar ke miƙewa ta gefen da babu rana. Idan tauraruwar ta zagayo rana ta kama hanyar komawa, wutsiyar ce a gaba, kai yana biye. Wani masanin Jamus mai suna Peter Apian ya lura da haka ya zana shi tun 1531, da ido zalla, kafin a ƙera madubin hangen nesa. Abin da ya gani kai ma kana iya ganinsa daga bayan garinku, in ka san abin da za ka duba da lokacin da za ka fita.

Mataki na farko: ka san abin da kake nema

Sunan tauraruwa kawai ta ci. Asalinta curi ne na ƙanƙara, ƙura da tsakuwa, wanda faɗinsa bai cika wuce 'yan kilomitoci ba. A 1950 Fred Whipple na Amurka ya kawo wannan bayani, sai a watan Maris na 1986 aka tabbatar da shi da hoto, lokacin da kumbon Giotto na Turai ya gitta kusa da tauraruwar Halley da tazarar kimanin kilomita 600. Curin da ya ɗauko tsawonsa kusan kilomita 15 ne, faɗinsa 8, baƙi ƙirin, don kashi 4 cikin 100 kacal na hasken da ya sauka a kansa yake mayarwa. Ƙanƙarar da ke cikinsa ba ta ruwa kaɗai ba ce. Akwai daskararriyar iskar kabon dayoksaid, akwai ta kabon monoksaid, wannan dai gubar da ke cikin hayaƙin janareta.

Irin waɗannan curarruka suna zaune can bayan Naftun, mafi nisa cikin duniyoyin da ke zagaya rana, wasu ma nesa da haka ƙwarai, cikin sanyin da ba ya barin komai ya motsa. A can ba su da kai, ba su da wutsiya. Sai ɗayansu ya gangaro ya shigo tsakanin duniyoyin Mushtari da Mirrihi, kimanin kilomita miliyan 450 daga rana, wato ninki uku na tazarar da ke tsakaninmu da ita, sannan ƙanƙarar ruwan ta fara jin zafi. Da yake babu iskar da ke danne ta, ba ta narkewa ta zama ruwa, tururi take zama kai tsaye. Tururin yana fesowa ta tsagogin ɓawon curin, galibi ta gefen da rana ke duka, yana tafe da ƙurar da ƙanƙara ta riƙe. Kumbon Rosetta, wanda ya raka tauraruwar 67P daga 2014 zuwa 2016, ya ɗauki hotunan wannan feshi a fili. Curin ƙarami ne, ba shi da ƙarfin janyo abin da ya fita daga jikinsa, sai tururi da ƙura su bazu su lulluɓe shi. Wannan lulluɓi shi ne kan da kake gani, kuma yakan kai faɗin kilomita dubu ɗari ko fiye, alhali duniyarmu ba ta kai dubu 13 ba. Curin kansa ba za ka gan shi ba ko da wane irin madubi kake riƙe da shi.

Daga wannan lulluɓi rana ke zare wutsiya.

Mataki na biyu: ka tabbata akwai wadda za a gani

Kowace shekara ana gano sababbi da dama, amma mafi yawansu sai da babban madubi. Wadda ido ke gani da wutsiyarta takan ɗauki shekaru ba ta zo ba. Daga cikin irinsu akwai NEOWISE a watan Yulin 2020 da Tsuchinshan-ATLAS a Oktoban 2024. Kafin su akwai McNaught a Janairun 2007, da Hale-Bopp ta 1997 wadda ta shafe wata 18 ana ganinta ba tare da madubi ba.

Sauke manhajar taswirar sama a wayarka, Stellarium ko SkySafari, ka ba ta izinin sanin inda kake. Idan labarin wata tauraruwa ya fito, nemi lambarta, don da ita manhaja ta fi saurin ganewa. Ɗauki C/2023 A3, lambar Tsuchinshan-ATLAS. Harafin C yana nufin ba mai dawowa nan kusa ba ce, 2023 shekarar da aka gano ta, A rabin farko na Janairu, 3 kuma ita ce ta uku a wannan rabin watan. Masu dawowa akai-akai harafin P suke ɗauka, Halley ita ce 1P.

Abu na gaba shi ne lambar haske. A wannan ma'auni, ƙanƙantar lamba ita ce ƙarfin haske. Zara takan kai ƙasa da sifili da huɗu, tauraro mafi dushewa da ido ke kamawa a wuri mai duhu kuma yana kan 6. Amma hasken mai wutsiya a baje yake, ba a tattare wuri ɗaya ba, don haka ka sa ran ganinta da ido idan ta kai 4 ko ƙasa da haka. Tsakanin 5 da 8 aikin madubi ne.

Kada ka ɗauki hasashen jaridu kamar yankan wuƙa. An yi ta kururuta Kohoutek a 1973, ta zo ba ta cika alkawari ba. ISON kuwa, da aka ce za ta zama abin kallon ƙarni, ta wargaje a ranar 28 ga Nuwamban 2013 da ta matsa kusa da rana. Ana iya lissafa inda tauraruwa za ta kasance daidai wa daida, amma yawan ƙurar da za ta fitar ya dogara ga abin da ke cikin curin, wanda ba a gani. Saboda haka ka riƙa bin rahoton waɗanda suka gan ta jiya da shekaranjiya, ya fi hasashen wata uku da suka wuce.

Mataki na uku: ka zaɓi dare da sa'a

Wutsiya ta fi girma lokacin da tauraruwar ke kusa da rana, ke nan a sama ma ba za ta yi nisa da ita ba. Shi ya sa sau da yawa ake ganinta a yamma bayan faɗuwar rana, ko a gabas kafin ketowar alfijir. Lokutan salla suna yi maka wannan lissafi. Ta yamma, fara dubawa kamar minti 40 bayan kiran Magariba. Zuwa Isha'i jan gari ya ɓace, duhu ya kankama, wutsiya ta fito sosai, muddin kan bai riga ya faɗi ba. Ta asuba kuwa ka kasance a wurin awa guda kafin kiran salla, domin da alfijir ya keto wutsiya ce ke fara ɓacewa.

Farin wata shi ne babban abokin gaba. Don kallon yamma, mafi kyau daga 17 ga watan Musulunci zuwa 3 ko 4 ga mai kamawa, lokacin da wata ke makara wajen fitowa ko yake siriri. Don kallon asuba, daga ƙarshen wata zuwa wajen 10 ga sabo, tunda a kwanakin nan yakan faɗi tun dare bai yi nisa ba.

Sai yanayi. Da damina gajimare ne matsala, amma daren da ya biyo bayan ruwan sama, idan gari ya washe, babu kamarsa, don ruwa ya wanke ƙurar iska. Da hunturu hazo yakan cinye ƙasan sama gaba ɗaya, daidai inda tauraruwar take. Mafi dacewa a ƙasar Hausa shi ne kaka, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, hazo bai sauko ba. Muna da wata sa'a kuma: Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, Yamai da Damagaram sun ɗan ɗara haka kaɗan, don haka muna ganin samaniyar arewa duka da mafi yawan ta kudu.

Mataki na huɗu: wuri da kaya

Fita daga hasken gari, ka tsaya inda garin zai kasance a bayanka. In yamma za ka duba, je yammacin gari, inda babu bishiya ko gini da zai tare maka gindin sama. Gona bayan girbi, filin makaranta, kan tudu, duk sun yi. Ku tafi ku biyu ko uku, a sanar da mai unguwa ko 'yan sintiri, a sa takalmi rufaffe saboda kunama da maciji. Inda babu tsaro kada a fita, saman bene ya wadatar, musamman daren da aka ɗauke wuta.

Madubin hangen nesa mai ido biyu, irin wanda aka rubuta 7x50 ko 10x50 a jikinsa, ya fi dogon madubi amfani a wannan aiki, domin wutsiya doguwa ce, tana son madubi mai faɗin gani. Riƙe tabarma, takarda da fensir, da tocila da ka rufe bakinta da jar leda. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kallo ɗaya na farin hasken waya kuma yana rushe wannan. Manhajojin nan suna da maɓallin da ke mayar da fuskar waya ja, kunna shi tun kafin ka iso.

Kada ka kuskura ka ɗaga madubi wajen yamma alhali rana ba ta gama faɗuwa ba, ko wajen gabas tana dab da fitowa. Daƙiƙa guda ta isa ta ƙona ido, ƙunar da ba ta warkewa. Yara musamman a sa musu ido a kan wannan.

Mataki na biyar: nemo ta

Duba manhaja ka ga wane abu mai haske ne kusa da ita, Zara ce ko wani babban tauraro, da kuma tazarar da ke tsakani. Hannunka shi ne ma'auni. Miƙe shi sosai: faɗin ƙaramin yatsa kimanin digiri 1 ne, dunƙulen hannu digiri 10, daga babban yatsa zuwa ƙarami in ka ware su kusan 20 zuwa 25. In manhaja ta ce tauraruwar tana digiri 20 dama da Zara, dunƙule biyu ke nan. Kai madubi wurin, ka riƙa sharar sama a hankali daga hagu zuwa dama, kana ɗagawa kaɗan-kaɗan. Taurari ɗigo ne masu kaifi, ita kuwa dusu-dusu take, gefenta ba shi da iyaka.

In ka same ta, kada ka ƙura mata ido kai tsaye. Kalli ɗan gefe da ita, hankalinka yana kanta. Gefen ido ya fi tsakiyarsa jin haske mai rauni, za ka ga wutsiyar ta ƙara tsawo nan take.

Mutane da yawa suna rikita ta da wasu abubuwa. Abin da ya wulga ya ɓace cikin daƙiƙa ba ita ba ce. Farin layin da jirgin sama ya bari, wanda rana mai faɗuwa ta haska, yakan canja kama cikin mintoci. Mai wutsiya tsaye take a tsakanin taurari, tare da su take gangarawa ta faɗi, sai gobe ka tarar ta ɗan gusa.

Mataki na shida: karanta wutsiyar

A nan ne daɗin abin yake, don haka kada ka yi gaggawa.

Fara da tambayar kanka ina rana take yanzu. Ka tuna daidai inda ta faɗi, ka ja layi a zuci daga can ƙarƙashin ƙasa, ya ratsa kan tauraruwar ya wuce. Wutsiyar za ta bi wannan layi ko kusa da shi. Dalilin ke nan da ta yamma ke tsaye kai ƙasa wutsiya sama, ta asuba ma wutsiyar ce ke fara ɓullowa kafin kai.

Sannan ka duba da kyau ko wutsiya ɗaya ce ko biyu. Galibi biyu ne, kuma abin da ke haifar da su daban ne.

Ta farko mai faɗi ce, fara ko mai ɗan rawaya, tana da lanƙwasa. Wannan wutsiyar ƙura ce, kuma ita ce ido ya fi gani. Ba ta da hasken kanta, na rana take mayarwa. Abin da ke tura ta shi ne hasken ranar kansa. Haske yana da turi, ɗan ƙanƙani ne ƙwarai, jikinka ba zai taɓa jin sa ba, amma ga ƙwayar ƙurar da faɗinta bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, turin yana iya yin kafaɗa da kafaɗa da janyowar rana. Johannes Kepler ya yi hasashen haka tun 1619. Aikin da hasken ke yi ya yi kama da shiƙa: iska tana kwashe ƙaiƙayi ta kai shi nesa, tsaba mai nauyi ta zube kusa da ƙafar mai shiƙar. Ƙura mafi laushi ita ke yin nisa, mai ɗan kauri ta tsaya kusa da kai, tsakuwa kuwa ba ta ma barin hanyar da tauraruwar ke bi. Wannan rarrabewa ce ke ba wutsiyar faɗi.

Lanƙwasar fa? Kowace ƙwayar ƙura da ta fita tana ci gaba da zagaya rana, amma da yake an tura ta waje, hanyarta ta fi tsawo, tafiyarta ta fi jinkiri, sai a bar ta a baya. Wadda ta fita makon jiya ta fi ta jiya zama baya. Ke nan lanƙwasar tana karkata ne zuwa inda tauraruwar ta fito, kuma da ita za ka iya cewa ga inda ta dosa tun kafin ka ga ta gusa. Gwada wannan, gobe ka dawo ka ga ko ka canka. A manyan taurari wutsiyar ƙura takan tsattsage ta yi layi-layi, kamar yadda McNaught ta yi a 2007, abin da masana ke dangantawa da farfashewar ƙwayoyin ƙurar bayan sun fita.

Ta biyu siririya ce, miƙaƙƙiya sak, shuɗiya. Wannan ta gas ce. Rana tana fitar da wani kaifin haske da ido ba ya gani, wanda ke bugun ƙwayoyin tururin da ke cikin lulluɓi ya fizge musu ilektiron, sai su zama masu cajin lantarki. Ban da haske, rana tana feso wasu ƙananan ƙwayoyi masu caji ba dare ba rana, da gudun kimanin kilomita 400 a daƙiƙa, ɗauke da ƙarfin maganaɗisu. Wannan feshi ake kira iskar rana. Duk abin da ke da caji maganaɗisun yana kama shi ya yi gaba da shi. Gudun iskar ya ninka na tauraruwar sau da yawa, don haka wutsiyar ba ta samun zarafin lanƙwasa. Shuɗin kuma daga kabon monoksaid mai caji yake, wanda ke shan hasken rana ya fitar da shi shuɗi.

Ni a ganina wannan siririyar wutsiya ta fi cancantar a yi mata tsayuwar dare, ko da yake ta fi wuyar gani. Da ita aka gane akwai iskar rana tun kafin a aika kumbo. A 1951 Ludwig Biermann na Jamus ya lissafa ya ga turin haske kaɗai ba zai iya ba gas irin wannan gudu ba, lalle akwai wani abu da ke fitowa daga rana. Eugene Parker ya yi bayanin yadda iskar ke tasowa a 1958, kumbuna suka auna ta bayan 'yan shekaru. Tsawonta ma abin mamaki ne. A 1996 kumbon Ulysses ya ratsa wutsiyar Hyakutake a tazarar fiye da kilomita miliyan 500 daga kanta, sama da ninki uku na nisanmu da rana. Kuma da yake iskar rana ba ta da tabbas, wutsiyar gas tana canjawa cikin sa'o'i, ta yi ƙulli, ta karkace, wani lokaci ta tsinke ɗungum wata ta tsiro. A watan Afrilun 2007 kumbon STEREO ya ɗauki hoton yadda wata guguwa daga rana ta yanke wutsiyar Encke.

Ido ba ya rarrabe launi sosai a duhu, saboda haka kada ka damu in duka biyun sun yi maka toka-toka. Siffa za ka bi: mai faɗi da lanƙwasa ƙura, siririya miƙaƙƙiya gas. A hoto launin zai fito. Hotunan Hale-Bopp da na NEOWISE sun nuna su biyun a rabe sarai, yana da kyau ka kalle su kafin ka fita.

Wani lokaci za ka ga wani tsinin haske ya fito ta gaban kai, yana nuna rana, kamar ya karya duk abin da aka faɗa. Bai karya ba. Ƙura mai nauyin nan ce da ta zube a kan hanyar tauraruwar ta yi shimfiɗa. Idan duniya ta zo daidai gefen shimfiɗar, muna kallonta ta ƙaifinta, sai wani ɓangare ya bayyana ta gefen rana. An ga haka a Arend-Roland a 1957, an sake gani a Tsuchinshan-ATLAS a tsakiyar Oktoban 2024. Kwana kaɗan yake yi ya ɓace.

Kan kuma yakan yi kore, kamar na ZTF da ta zo a farkon 2023. Koren daga wata ƙwaya ce mai kabon biyu haɗe, wadda hasken rana ke wargazawa cikin kwana biyu ko ƙasa da haka, tun ba ta yi nisa ba. Shi ya sa kore ke tsayawa a kai, ba ya shiga wutsiya.

Duba abu ɗaya na ƙarshe da madubi: taurarin da ke bayan wutsiyar suna nan ana ganinsu, haskensu bai ragu ba. Duk girman nan, kusan babu komai a ciki. A ranar 19 ga Mayun 1910 duniya ta ratsa ta wutsiyar Halley. An firgita a Turai da Amurka saboda labarin akwai guba a cikinta, har 'yan damfara suka riƙa sayar da ƙwayoyin kariya, gari ya waye ba abin da ya sami kowa. Mu ma muna da namu, tauraruwa mai wutsiya ganinki ba alheri ba, kuma in ka tara mutane kallo sai wani ya faɗe shi. Ka amsa da ladabi, musamman in dattijo ne. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka danganta abin da rasuwar, sai ya bayyana musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Abin da ake lissafa ranar zuwansa tun shekaru kafin ya zo, kamar yadda Edmond Halley ya yi a 1705 ya ce tauraruwar da aka sa wa sunansa za ta dawo wajen 1758 kuma ta dawo, bai kamata ya hana yaro ɗaga kai ya kalla ba.

Mataki na bakwai: zana, sannan ka ɗauki hoto

Zane ya fi hoto koyar da ido. Ɗiga taurari huɗu ko biyar mafi haske da ke kewaye, sa kan a tsakaninsu, ja wutsiyar iya inda ka gan ta, ba inda kake so ta kai ba. Auna tsawonta da hannu ka rubuta, tare da kwanan wata, sa'a, da kibiya mai nuna inda rana ta faɗi. Bayan dare uku ko huɗu jera takardun. Za ka ga hanyar da kan ke bi, ka ga wutsiya tana juyawa tana bin matsayin rana, ka ga tana tsawo ko tana gajarta.

Wayar zamani tana iya ɗaukar ta, sharaɗin shi ne kada ta motsa. In babu ƙafar kyamara, jingina ta da bulo ko buhu. Shiga tsarin ɗaukar hoton dare, ko tsarin da kake saita komai da kanka: buɗewa daƙiƙa 5 zuwa 10, ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, tsakanin 1600 da 3200, saitin gani a kan mafi nisa. Kashe filasha. Sa agogon jinkiri na daƙiƙa 3 don taɓawar yatsa kada ta girgiza ta. Kada ka ja hoton da yatsu don ya matso, lalata shi kawai yake yi. In taurari sun fito a jaye, rage daƙiƙun. Sanya bishiya ko hasumiyar masallaci a gefen hoton, girman wutsiyar zai fi fitowa.

In babu wadda ake gani a bana

Tsakuwar da hasken rana ya kasa turawa tana nan a baje a kan hanyar kowace tauraruwa, shekaru ɗaruruwa bayan wucewarta. Duk shekara duniya tana ratsa wasu daga cikin hanyoyin nan a ranaku sanannu, tsakuwar ta shigo iskarmu ta ƙone a tsayin kimanin kilomita 100, mu ga haske ya wulga. Mafi yawansu ba su wuce ƙwayar yashi ba. Na 12 da 13 ga Agusta daga tauraruwa mai wutsiya Swift-Tuttle suke, suna da yawa, sai dai tsakiyar damina ne, gajimare yakan hana. Na 17 ga Nuwamba daga Tempel-Tuttle ne. Halley, wadda ba za ta dawo ba sai tsakiyar 2061, hanyarta sau biyu muke ratsawa, wajen 5 da 6 ga Mayu, da kuma 21 da 22 ga Oktoba.

Na Oktoba ya fi dacewa da mu. Ba a buƙatar madubi, hana ka ma zai yi. Shimfiɗa tabarma bayan ƙarfe ɗaya na dare, ka kwanta rigingine ƙafafu wajen gabas, ka bar ido ya ɗauki sama gwargwadon iko. In babu farin wata kuma wurin yana da duhu, kana iya ƙirga 10 zuwa 20 a awa guda, masu saurin gaske, don da gudun kilomita 66 a daƙiƙa suke shigowa. Duk wanda ya wulga, bi layinsa baya da yatsa. Waɗanda layinsu ya koma wuri ɗaya, gabas da kaza da 'ya'yanta, su ne na Halley, sauran ka ƙirga su daban a takardarka.